Rumfar Okid a Ƙasa Mai Zafi: Inuwa, Iska da Danshi



Duk wanda ya ga hoton ɗakin gilashi na Turai ya ce shi ma irinsa zai gina a Kano ko Maraɗi don ya yi kiwon furen okid, to tanda zai gina. Bature yana rufe shukarsa da gilashi ne don ya tsare zafi. Mu kuwa zafin ya yi mana yawa. Abin da muke nema shi ne inuwa, da iska mai kaɗawa, da danshi.

Su kansu Turawan sun sha wannan darasi da tsada. A farkon ƙarni na 19 masu lambu a Ingila sun riƙa cusa okid a ɗakuna masu turiri, a toshe ko'ina, wai ai daga ƙasashen zafi aka kawo shi. Ya yi ta mutuwa. Sai da irin su Joseph Paxton, mai kula da lambun Chatsworth, suka buɗe tagogi suka rage wuta, sannan shukar ta miƙe.

Dalili yana cikin saiwa. Okid ya kai jinsi kusan 28,000, kuma mafi yawan na ƙasashen zafi ba a ƙasa suke tsirowa ba, a jikin reshen bishiya suke maƙalewa. Ku duba saiwar da kyau: fara ce, mai kauri, da wata fata kamar soso. Ka zuba mata ruwa, nan take ta koma kore. Ta bushe, ta sake fari. Ka binne ta a turɓaya kuwa, ruɓewa za ta yi. Shi ya sa a Tailan, wadda ta yi fice wajen fitar da okid nau'in Dendrobium kasuwannin duniya, gawayi da ɓawon kwakwa ake zubawa a tukunya, nau'in Vanda kuwa akan rataye shi a kwando, saiwa tana lilo.

To, ginin. Ginshiƙai na bututun ƙarfe, domin gara ba ta raga wa katako. Rufi ya yi tsayi, mita 3 ko fiye, zafi ya samu wurin tashi. A shimfiɗa ragar inuwa mai tare kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na rana, a bar gefuna a buɗe. Ranar safe ta gabas alheri ce, ta yamma ita ce mai ƙuna. Ganye ne zai faɗa maka gaskiya: in ya yi kore shar har ya duhunta, haske ya yi kaɗan, ba za ka ga fure ba, in ya yi tabo baƙi, rana ta ƙone shi.

Inda muka bambanta da Tailan da Singafo shi ne hunturu. Okid yana son danshin iska na kashi 50 zuwa 70, mu kuwa a Janairu yakan faɗi ƙasa da 20, ga ƙura. Sai a rufe ɓangaren arewa maso gabas da leda, a zuba tsakuwa a daɓe a riƙa jiƙa ta, a rataye jiƙaƙƙen buhun algarara a gaban fanka. Iska na ratsa buhun, ruwa na tashi, wuri na sanyi. Da damina a kwance duka, domin lokacin ruɓa ce abar tsoro.

Zaɓin iri kuma, a nan ne son zuciya ke cutar mutane. Cymbidium kyakkyawa ne, amma ɗan sanyi ne; a bar wa mutanen Jos su gwada. Phalaenopsis, wanda aka fi gani a kantuna, ba ya fitar da sandar fure muddin zafi ya zarce digiri 28, sai sanyin Disamba ya taɓa shi. Ni dai Dendrobium nake ba mai farawa shawara, ko Ansellia africana, ɗan Afirka mai ɗigo-ɗigon damisa, wanda ya saba da rani.

Ruwa kuma, na wasu rijiyoyin burtsatse gishiri gare shi, za ku ga farin ɓawo a bakin tukunya, kan saiwa ya ƙone. A tari na sama a tanki tun watan Agusta, a yi ban ruwa da sassafe don ganye ya bushe kafin magariba.