Cin Hanci a Cinikin Makamai

Cinikin makamai na cikin harkokin da cin hanci ya fi samun wurin ɓuya, domin ana ƙulla kwangilolinsa a asirce da sunan tsaron ƙasa. A Najeriya, kwamitin da Shugaba Buhari ya kafa a 2015 ya yi zargin an biya kuɗin jiragen yaƙi da bama-baman da ba a kawo ba. A watan Disamban shekarar aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1, zargin da ya musanta. A shekarun da kwamitin ya yi bincike a kansu, sojojin da ke yaƙar Boko Haram sun sha kokawa da ƙarancin kayan aiki. Ba a rage irin wannan ɓarna sai majalisa da masu binciken kuɗi sun samu ikon duba kowace kwangila.