Idan Aka Ɗaga Maka Hannu a Hanyar Damazin

 Yau hirarmu a kan direban da aka ɗaga wa hannu a irtikaz, wato shingen bincike, shi kuwa ya take totur ya wuce.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Lasisinka ya ƙare, ko ka loda tumaki a boks sun wuce kima: wannan laifin hanya ne, yana ƙarƙashin Dokar Murur ta 2010, kuma galibi tara ce, ka biya, ka karɓi rasit, ka kama gabanka. To amma da zarar ka kutsa ta kan shinge, ana iya buɗe maka balagi da Dokar Laifuka ta Sudan ta 1991. Sashe na 99 ya yi magana a kan wanda ya hana ma'aikacin hukuma aikinsa: ɗaurin da zai iya kai wata 6, ko tara, ko duka biyun. In kuma a gujen ka buge wani ya rasu, Allah ya kiyaye, sashe na 132 ne, kisan kuskure, ga diyya a wuyanka. Wannan ma in alƙali ya yarda kuskure ne ke nan. Ɗan kasuwar iyaka nasa ya fi ciwo, don gudu kan sa a zarge shi da fasa-ƙwauri, dokar kwastan kuwa ta ba da damar ƙwace kaya har da motar da ta ɗauko su.

Na san me wani baffana yake faɗa yanzu a gindin rediyo: "Yaro, ai ba kowa ke tsaye a hanya ne hukuma ba." Gaskiyarka, Baffa. Dakarun Da'amus Sari sun kama Wad Madani a Disambar 2023, sai Janairun 2025 soja suka karɓe ta. Sinja ma ta faɗa hannunsu daga Yuni zuwa Nuwambar 2024. A tsakanin nan mutane da yawa sun tsaya a shinge, suka koma gida a ƙasa, ba mota ba kaya. Wanda kuma ya ga rikicin Nilu Shuɗi na Yulin 2022, ba za a ce masa matsoraci ba don ya ƙi tsayawa cikin dare.

Dokar ta san da irin wannan. Sashe na 18 ya ce wanda ya aikata abu da kyakkyawar niyya saboda ya fahimci lamarin a kuskure, yana zaton an halatta masa, ba laifi ya yi ba. Sashe na 12 kuma, na kare kai, bai ba ka hurumi a kan ma'aikacin da ke cikin iyakar aikinsa ba, sai fa in ana fargabar kisa ko mummunan rauni.

Sai dai "na zaci 'yan fashi ne" magana ce da kowa ke iya faɗa a gaban niyaba. Abin da za a duba shi ne: akwai kaki? Akwai motar hukuma, akwai fitila? Kuma ina ka nufa bayan ka wuce? Wanda ya zarce ofishin 'yan sanda mafi kusa ya kai kansa, ya faɗi wurin da lokacin, yaron motarsa na shaida, yana da abin riƙewa. Wanda ya yanki daji ya ɓoye mota a rugar ɗan'uwansa kwana uku, wallahi lauyansa zai sha wuya.

Ni dai a ganina, in ka tabbata hukuma ce, tsaya kawai, don a lokacin yaƙi mai bindiga ba ya jiran alƙali. Rage gudu tun daga nesa, kunna fitilar cikin mota, hannu biyu a kan sitiyari. Takardar mota, katin shaida, takardar likitan dabbobi da rasit ɗin kasuwar da ka sayi tumakin, a haɗa su a leda ɗaya a gaban mota, kada sai an tsayar da kai ka fara laluben ƙarƙashin kujera.