Digiri: Ya Kai Kuɗin da Shekarun da Muke Zubawa?

Jawabin kwamitin ilimi a taron iyaye da dattawan ikilisiya, Unguwar Kanawa, Kaduna



Kowace shekara, da zarar sakamakon JAMB ya fito, takardun neman taimako sukan taru a hannun kwamitin ilimi har su fi abin da ke cikin asusu nesa ba kusa ba. Bana dattawa suka ce kafin a raba ko sisi, a zo a yi magana a fili a kan tambayar da mutane da yawa ke yi a gida amma suna jin nauyin yinta a majami'a, watau ko digiri ya cancanci kuɗin da shekarun da muke zubawa a kansa. Amsarmu ita ce, wani digirin ya cancanta har a sayar da sa dominsa, wani kuwa bai kai a sayar da akuya ba, kuma aikin iyaye ne su bambance su tun kuɗin bai fita ba.

Mun san dalilin da ya sa maganar ke da nauyi a wurinmu. Jama'ar da ba ta da sarauta, ba ta da manyan attajirai, ba ta da wanda zai ɗaga waya ya ce a ɗauki yaron nan, takarda ce ta riƙa yi mata magana. Daga Wusasa Dokta Barau Dikko ya fito, ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, ya zama likita na farko daga Arewa, ga asibitin da ke ɗauke da sunansa nan cikin gari, wanda yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Dattijon da ya girma yana jin waɗannan sunaye, idan ka ce masa kada ɗansa ya tafi jami'a, kamar ka ce masa ya rufe ƙofar da ita kaɗai aka taɓa buɗe wa gidansu ne. Muna girmama wannan. Sai dai a 1962, shekarar da aka buɗe jami'ar Zariya, jami'o'i 5 ne kacal a Nijeriya, aiki ne yake neman mai digiri. Yanzu sun haura 250.

Akwai kuma abin da ya faru a Kaduna kanta. Da yawa cikin iyayenmu da takardar firamare suka shiga masaƙun Kakuri, suka riƙe gida, suka gina ɗaki biyu, suka aurar da 'ya'ya. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya da aiki a 2007. Sa'ad da wannan hanya ta toshe, sai kowa ya juya wa jami'a, mai son karatu da wanda ba ya so, gama ba a ga wata ƙofa ba.

To, bari mu yi lissafi, mu fara da kuɗi. Kafin 2021, ɗan asalin jiha yana biyan abin da bai kai naira 30,000 ba a shekara a Jami'ar Jihar Kaduna. A 2021 aka ɗaga mafi ƙarancin kuɗin zuwa naira 150,000, kwasa-kwasan likitanci da waɗanda ba 'yan asalin jihar ba kuwa sun fi haka. A watan Agusta na 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000. Ku lura da zancen asalin jiha, domin akwai gidaje a nan da aka haifi 'ya'yansu a Unguwar Kanawa amma takardarsu ta Katsina ce ko Kano. Kuɗin rajista kuma shi ne ƙaramin kaya. Wanda ke kwana a gida yana shiga motar haya zuwa makaranta da sauƙi, ko da yake tun cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin motar ma ya zama abin zama a yi shawara. Wanda ya tafi Samaru ko Kafanchan sai an biya haya, abinci, littattafai, waya mai intanet, wani lokaci har kwamfuta, ga kuɗin aikin bincike na shekarar ƙarshe. Uwa ce takan san ainihin jimillar, domin daga cinikin ƙosanta da adashinta yawancinsa ke fita, ba a kuwa rubuta shi a ko'ina.

Lissafin shekaru shi ne wanda ba mu cika yi ba, shi ne kuma ya fi tsada. Ana ce mana kwas na shekara 4 ne. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na wata 9 a 2020, ta sake yin na wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yaron da ya shiga jami'ar tarayya a 2019 ya yi wata 17 yana zaune a gida a kan wannan kaɗai. Ku ƙara shekara ɗaya ko biyu da yaranmu da yawa ke yi suna maimaita JAMB, da watannin jiran a tura su bautar ƙasa, da shekarar bautar ƙasar kanta. Huɗu ta zama bakwai, wani lokaci takwas. Wanda ya wuce shekara 30 kafin ya gama, ba ya ma zuwa bautar ƙasar, takardar yafewa ake ba shi, ga kuma ma'aikatu da yawa da ke sa iyakar shekaru a tallar ɗaukar sababbin ma'aikata.

Sa'an nan ya fito ya sami me? Ba mu manta da ranar 15 ga Maris 2014 ba, da aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa na ƙasar nan. Mutum fiye da 500,000 suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba, aƙalla mutum 16 suka mutu a turmutsitsi. Kada kuma alƙaluman rashin aiki su ruɗe mu. A ƙarshen 2020 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce kashi 33 cikin ɗari ne, a 2023 ta ce wajen kashi 4. Ba ayyuka aka samar ba, ma'aunin aka sauya, aka fara ƙirga wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a cikin masu aiki. Ku da kanku kun san masu digiri nawa ne a layinku suke koyarwa a ƙananan makarantun kuɗi a kan albashin da bai kai alawus ɗin ɗan bautar ƙasa ba, wanda aka ɗaga daga naira 33,000 zuwa 77,000 aka fara biya a 2025. Akwai yaron da shekarar bautar ƙasa ce shekarar da ya fi samun kuɗi tun da ya gama, wannan kuwa abin tausayi ne.

Yanzu ku sa abokinsa a gefe, wanda suka gama sakandare rana ɗaya, aka kai shi Panteka koyon walda ko ƙera injin niƙa. A cikin shekara 7 ɗin nan ubangidansa ya yaye shi, ya kama rumfa, wataƙila har yana da yara biyu a ƙarƙashinsa. Haka wanda ya koyi haɗa wutar sola, ko gyaran waya, ko yarinyar da ta koyi ɗinki da kyau. Hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedkwatarta ke nan Kaduna, tana da tsarin da ake gwada gwanintar mai sana'a a ba shi takardar shaida, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi aiki da masu sana'ar Panteka a kan wannan.

Amma kada matasa su fita daga nan su ce kwamitin ilimi ya ce karatu ba shi da amfani. Mai walda yana bukatar jari, yana bukatar wuta, ranar da ba wuta sai janareta, man kuma daga ribarsa. Idan ido ya raunana ko baya ya ƙi, ba fansho. Idan babbar kwangila ta zo, mai takarda ne yake sa hannu ya karɓa, shi kuma a ba shi aikin a kan abin da aka ga dama. Kuma akwai ƙofofin da ba a shiga sai da digiri, kome gwanintar mutum. Ba a zama likita, ko lauya, ko mai haɗa magunguna ta hanyar koyo a shago. A aikin gwamnati mai digiri a mataki na 8 yake farawa, mai takardar sakandare a na 4. Ga makwabciyarmu, makarantar horon hafsoshin soja, NDA, da aka kafa a 1964, wadda tsohon mazauninta ke nan jikin unguwarmu. Tun 1985 take ba da digiri, gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗalibanta, wanda ya gama kuma aiki na jiransa. Shiga da wuya, aikin kuma na sa rai ne, amma abin mamaki ne yadda yaranmu ke wucewa ta bakin ƙofarta kullum, kaɗan ne suke ko gwada cika takardar.

Saboda haka idan yaro ya zo da takardar shiga jami'a, kafin a yi guɗa a tambaye shi wane kwas aka ba shi, kuma shi ya nema ko tura shi aka yi. Da yawa sukan nemi likitanci, a ba su wani kwas da ba su taɓa jin sunansa ba, su karɓa don kada a ce suna zaune a gida. A tambaye shi ya faɗi aikin da masu wannan takarda suke yi, ya kuma kawo sunan mutum ɗaya da ya sani wanda ke ci da ita. Idan shi bai sani ba, uban bai sani ba, to a dakata. Kwas ɗin jinya, ko difloma a fannin lantarki ko gine-gine, ko takardar NCE ga mai son koyarwa da gaske, sau da yawa sun fi digirin da aka karɓa don gudun kunya, ko da yake mun san har yanzu akwai ofisoshin da ke fifita digiri a kan babbar difloma.

Muna roƙon iyaye a kan gona. Gidaje da yawa a nan suna da fili a ƙauye, wajen Giwa, Ikara, Makarfi, Malumfashi ko Kafur. Sa idan an sayar ana iya sayen wani, hatsi ana sake nomawa. Gona in ta tafi ta tafi, ba kuma ta yaron nan kaɗai ba ce, ta ƙannensa ce da 'ya'yan da ba a haifa ba. Mun ga inda aka sayar, yaro ya gama, aiki bai samu ba, ya ce zai koma noma, babu inda zai sa fartanya. Tun watan Mayu na 2024 akwai asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta, da naira 20,000 a wata na kashewa ga wanda ya nema, ana kuma fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa, kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Bashi ne, hanji ne, yana cikin kowa, amma gara bashin da ke kan mai karatun da asarar da ke kan dukan gida.

A yi hankali kuma da gajeriyar hanya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya nuna yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna a aji ba, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun jamhuriyar Benin da Togo. Duk wanda ya zo muku da makarantar da za a gama da wuri, ku kawo sunanta mu duba ko hukumar jami'o'i ta san da ita.

Iyayenmu mata sun ce kada mu sauka ba mu taɓo zancen 'yan mata ba. Idan kuɗi bai isa biyu ba, a gidaje da yawa yarinya ce ake ce wa ta haƙura, ko da ita ce ta fi ƙoƙari a aji. Sai a tura wanda ba ya son karatu, a bar mai so tana tallar awara. Wannan asara biyu ce. A duba sakamakon jarrabawa, a bar shi ya yanke hukunci.

Abin da kwamiti ke kawowa gaban dattawa shi ne a daina ɗaukar asusun ilimi kamar na 'yan jami'a kaɗai. A ware kashi domin kuɗin koyon sana'a da kayan aikin wanda aka yaye, a riƙa kiran sunansa a gaban jama'a ana yi masa murna kamar yadda ake yi wa mai digiri, gama rashin wannan ne ke sa yara jin cewa sana'a ta waɗanda suka faɗi ce. Ɗalibin jami'ar da asusu zai taimaka kuwa, ya nuna ya nemi bashin gwamnati tukuna, ya kawo sakamakonsa kowane zango, ya kuma faɗa mana shagon da zai riƙa zuwa lokacin hutu da lokacin yajin aiki. Da yaranmu sun yi wata 17 ɗin nan a gareji ko a gaban keken ɗinki, da sun fito da abu biyu a hannu.

Wannan ba zai yiwu ba sai masu sana'a na cikinmu sun buɗe ƙofa. Akwai kafintoci a nan, akwai makanikai, teloli, masu gyaran firji, masu kiwon kaji. Sakatare yana bakin ƙofa da takarda. Kowa ya rubuta sana'arsa, da inda shagonsa yake, da yara nawa zai iya ɗauka, domin mu miƙa wa dattawa kafin zamansu na wata mai zuwa.