Jawabi kan ruwan Bakalori: bashi ne a wuyanmu, mu riƙe shi da kyau

Iyayena dattawa, shugabannin manoma, mata da matasa na Talata Mafara da Bakura da Maradun, ina gaishe ku da zuwa.

Yau maganar ruwa zan yi, ruwan Bakalori. Matasa da yawa sun tashi sun tarar da madatsar nan, amma ba su san nawa aka biya kafin a same ta ba. An fara gina ta a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1974, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka kammala a 1978. Niyyar ita ce a shayar da hekta 23,000. Dubban mutane aka tayar daga gidajensu da gonakinsu. Da manoma suka ga diyya ba ta zo yadda ya kamata ba, sai suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Allah Ya jiƙansu. To jama'a, ruwan nan da jinin iyayenmu aka saye shi.

Me ya biyo baya? Kashi mafi girma na filin, kimanin hekta 15,000, an tsara shi ne da bututun feshi mai aiki da famfo da lantarki. Da lantarki ya tsaya, famfuna suka lalace, sai filin ya bushe. Inda ruwa ke gangarowa da kansa ta kwata, nan ne kaɗai aka ci gaba da noman rani, shi ma yashi da ciyawa suka riƙa toshe shi. An kawo injin da manomi ba zai iya gyarawa ba, ba a kuma tambaye shi ba tun farko.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, na kusan dala miliyan 495, don farfaɗo da manyan ayyukan ban ruwa a Arewa: Bakalori, Kadawa a Kano, kwarin Haɗeja, Dadin Kowa a Gombe da tsakiyar Rima a Sakkwato. A nan wurinmu an gyara kwatoci, an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Wannan alheri ne, ba na musu. Amma ku ji da kyau: ana ce masa tallafi, alhali rance ne Najeriya ta karɓo. Mu da 'ya'yanmu za mu biya. Idan muka bari ya sake lalacewa, mun yi asara biyu, ba ruwa, ga bashi.

Saboda haka abu huɗu nake nema.

Na farko, ƙungiyar masu ruwa ta zama ta masu gona. Manoma su zaɓi shugabanninsu da kansu, kada wani ɗan siyasa ya turo sunaye, ko namu ne ko nasu.

Na biyu, kuɗin ruwa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Dole mu biya, don da shi ake yashe kwata, a gyara ƙofar ruwa. Amma duk ƙarshen kaka a karanta lissafi a bainar jama'a: nawa aka tara, nawa aka kashe, a kan me. Kuma na wutsiyar kwata ya samu ruwa kamar na bakinta, tunda kuɗi ɗaya suke biya.

Na uku, taki da iri da rance su isa hannun mai fartanya, kuma a kan lokaci. Mun ga shirin rancen Babban Banki da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, mun kuma ji koke-koken da suka biyo baya kan rashin biya da sunayen da ba na manoma ba. Kada a maimaita mana. A kuma duba kasuwa: mu noma shanshera, a kwashe ta da arha a sarrafa a wata jiha, ribar ta tafi can. Muna son injinan casa a kusa da gona.

Na huɗu, tsaro. Wallahi ko kwata ta cika ta batse, manomin da ke tsoron a ɗauke shi a gona ba zai fita ban ruwa ba. Mutanen Maradun da Bakura sun fi ni sanin wannan.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tsayar da shi ku tambaye shi waɗannan huɗun, ya amsa a gaban jama'a. Har mu da ke tsaye a nan, ku tambaye mu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da albarkar noma.