Zaɓen Fannin Karatu a Jami'a: Suna Muke Nema Ko Aiki?

(Jawabin da aka gabatar ga ɗaliban sakandare masu shirin neman gurbi a jami'a, tare da iyayensu da malamansu.)

 

Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne yadda ɗalibi zai zaɓi fannin da zai karanta a jami'a, tare da la'akari da aikin da ke jiransa bayan ya gama. Wannan batu yana da nauyi ƙwarai, domin zaɓi ne da yaro ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai yake yi cikin minti kaɗan a wurin rajista, amma sakamakonsa yakan bi shi har furfura. Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan wuri ɗaya ne: kafin ka rubuta sunan kowane fanni a takardar JAMB, ka san aikin da fannin yake kaiwa gare shi, ka san ko kana da ƙarfin yin sa, ka kuma san ko jama'a suna bukatarsa.

TSOHUWAR CUTA

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, wato 1111 Miladiyya, ya bayyana a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin cewa likitanci da lissafi, da sana'o'i irin su noma da saƙa, suna cikin farillan kifaya, wato wajibin da in wasu suka yi ya sauka daga kan saura, in kowa ya bari kuma laifi ya hau kan kowa. Ya kuma koka da cewa a zamaninsa akwai garuruwa da yawa da ba su da likita Musulmi, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan zurfafa cikin saɓanin fiƙihu, domin ta nan ake samun alƙalanci da riƙon dukiyar waƙafi.

To, 'yan'uwa, yau fannonin da ake rububi sun sauya, amma cutar tana nan yadda take, ita ce neman suna da matsayi. Ka tambayi ɗalibai goma na ajin kimiyya, mafi yawansu za su ce maka likita suke so su zama. Ka shiga ajin adabi, lauya. In ka ƙara tambaya, mene ne aikin likita daga safe zuwa dare, ko za ka iya tsayawa a kan jini da gyambo, ko za ka iya kwana a tsaye a ɗakin haihuwa, sai ka ji shiru. Farar riga aka hango, ba a hango kwanan asibiti ba.

ƘOFAR TANA DA ƘUNCI

A shekarar 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna jarabawar JAMB, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, kimanin kashi uku cikin huɗu ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Bugu da ƙari, kowace makarantar likitanci tana da adadin ɗaliban da majalisar kula da aikin likita ta ƙasa ta ƙayyade mata, haka nan tsangayoyin shari'a suna da nasu adadin. Ma'anar wannan ita ce, ko da ɗalibi ya ci jarabawa da kyau, yana iya rasa gurbi saboda kujerun sun ƙare.

Daga nan ne ake samun asara iri biyu. Na farko shi ne wanda ya kafe a kan fanni ɗaya, yana maimaita jarabawa shekara uku ko huɗu, sa'o'insa suna shirin gamawa shi kuwa yana zaune a gida. Na biyu shi ne wanda jami'a ta tura shi wani fannin da bai taɓa tunaninsa ba, ya karɓa da ɓacin rai, ya yi shekara huɗu yana haddar takardu don ya tsallake jarabawa, ya fito da digiri amma hannunsa bai iya komai ba. Hausawa suka ce, in ba ƙira, me ya ci gawayi?

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Iyaye su lura da wannan da kyau. Zaɓen fanni yana farawa ne tun daga aji ɗaya na babbar sakandare, lokacin da ake raba yara zuwa kimiyya, adabi da kasuwanci. Jarabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuwa fannin da ake nema ne ke tsayar da su. Mai neman likitanci zai rubuta Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniyanci zai rubuta Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai neman aikin akanta yana bukatar Lissafi da ilmin tattalin arziki. Mai neman aikin lauya kuwa, galibin jami'o'i suna neman Adabin Turanci. Har ila yau ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO a darussan da suka dace da fannin. Yaron da ya bar Fiziks tun yana aji ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar injiniyanci shekara uku kafin ya san ya rufe. Sabili da haka ranar da ake raba azuzuwa rana ce da ya kamata uba ya ajiye harkarsa ya je makaranta ya zauna da malamai.

TAMBAYOYI HUƊU

Ina ba kowane ɗalibi shawara ya amsa wa kansa tambayoyi huɗu, kuma ya amsa su da gaskiya.

Ta farko: me nake iyawa? Shaidar wannan tana cikin takardun sakamakonka na shekara uku da suka wuce. Wanda Lissafi ke ba shi ciwon kai tun daga ƙaramar sakandare, in ya shiga injiniyanci don abokinsa ya shiga, ya ɗauki kayan da ba na wuyansa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. A cikin ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, lokacin da ya nemi a damƙa masa taskokin Masar, abu biyu ya ambata game da kansa, riƙon amana da sanin aikin. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mutum bukatar iyawa.

Ta biyu: shekara nawa zai ci, kuma wa zai biya? Likitanci shekara shida ne, sannan shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, sannan shekara ɗaya ta bautar ƙasa, jimla takwas kafin mutum ya tsaya da ƙafarsa. Aikin lauya shekara biyar ne, sannan makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Injiniyanci, aikin gona da aikin jinya na digiri shekara biyar-biyar ne. Likitancin dabbobi shida. Wannan kuwa in ba a yi yajin aiki ba, domin mun ga malaman jami'a sun yi wajen wata tara a 2020, sun kuma yi wata takwas a 2022. Gidan da ke da 'ya'ya bakwai a makaranta dole ne ya yi wannan lissafi a fili, babu kunya a ciki. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa asusun ba ɗalibai rance wanda babu kuɗin ruwa a kansa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma bashi bashi ne, sai a ci shi a kan fannin da ake sa ran zai biya.

Ta uku: ina ake yin aikin, kuma wa ke ɗaukar mutane? Akwai fannonin da hanyarsu a shimfiɗe take, domin suna da lasisi da majalisar da ke rajistar masu yin su, kamar jinya, ungozoma, haɗa magunguna, gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton ƙashi, safiyo da koyarwa. Akwai kuma fannonin da ke buɗe hankali ƙwarai amma ba su kai mutum kai tsaye ga wata kujera, kamar kimiyyar siyasa, tarihi da nazarin halayyar jama'a. Waɗannan ilmi ne mai daraja, kuma al'umma ba ta wadata daga gare su, sai dai mai shigarsu ya san tun farko cewa zai haɗa da wani abu, ko koyarwa, ko aikin jarida, ko bincike, ko sana'ar hannu. Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiya ita ce ka nemi mutum uku da suka gama fannin shekara biyar da suka wuce, ka tambaye su abin da suke yi yanzu. Matambayi ba ya ɓata. Kuma kada kowa ya gina rayuwarsa a kan zaton aikin gwamnati, domin masu fitowa daga jami'o'i kowace shekara sun ninka guraben da ke akwai nesa ba kusa ba.

Ta huɗu: wace ɓaraka zan toshe wa jama'ata? Ku dubi garuruwanmu. Mata nawa ne ke jinkirta zuwa asibiti har ciwo ya yi tsanani saboda ba su sami mace da za ta duba su ba? Makarantun sakandare nawa ne a ƙauyukanmu ba su da malamin Fiziks ko na Lissafi? Dabbobin ƙasar nan mafi yawansu a Arewa suke, har gwamnati ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, kuma jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk suna koyar da likitancin dabbobi, amma ɗalibai nawa ne ke rubuta shi a zaɓin farko? Inda jama'a ke da ƙaranci, nan ne lada ke da yawa, kuma sau da yawa nan ne abinci yake.

GA ƊALIBAN LARABCI DA ADDINI

Ƙannena da suka fito daga makarantun Larabci, ina da magana ta musamman da ku. Karatun addini shi ne mafificin karatu, kuma sanin abin da ibada ba ta inganta sai da shi wajibi ne a kan kowa, likita ne ko makaniki. Amma wanda ya zaɓe shi a matsayin fannin digiri lalle ne ya yi tunanin inda zai ci abinci, domin malamin da ke jiran ambulan daga hannun masu kuɗi da wuya harshensa ya kuɓuta. Ku ƙarfafa Turancinku da Lissafinku. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa saboda bukatar wasiƙu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, duk da zurfinsa a fiƙihu, ya yi wallafe-wallafe a kan magani. Yau akwai ƙofofin da ba a da su a da. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, kuma gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017. Irin waɗannan wurare suna neman wanda ya haɗa fiƙihun mu'amala da aikin akanta ko shari'a, kuma irinsa kaɗan ne. Haka nan jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello suna koyar da shari'ar Musulunci a tsangayoyinsu na shari'a.

JAMI'A BA ITA KAƊAI CE HANYA BA

Kwalejin ilmi tana ba da NCE cikin shekara uku, kwalejin kimiyya da fasaha tana ba da ƙaramar difloma cikin shekara biyu, kuma da kowace daga cikinsu ana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Makarantun jinya da na kiwon lafiya suna nan a jihohinmu. Wannan ya fi zaman jiran gurbin da ba ya zuwa. Kuma duk fannin da ka shiga, ka koyi kwamfuta sosai, ka kuma riƙi wata sana'a, ɗinki ne, haɗa wutar sola ne, gyaran waya ne ko kiwon kaji. Sannan a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da fannin a makarantar da za a shiga. A watan Janairu na 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin makonni kaɗan. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

GA IYAYE

Ya ku iyayenmu, 'ya'ya amana ce, kuma shawararku tana da albarka. Amma ku bambance tsakanin shiryarwa da tilastawa. Uban da ya ce sai ɗansa ya zama likita don a riƙa kiransa baban likita, ya tambayi zuciyarsa wa yake yi wa hidima. Ku zauna da yaran, ku saurare su, ku kai su wurin masu aikin su gani da idonsu. 'Ya'ya mata kuma kada a bar su a baya, kuma in maganar aure ta taso a tsakiyar karatu, a tsayar da batun kammalawa a fili tun kafin ɗaurin aure.

Ku kuma ɗalibai, bayan kun yi bincike kun yi shawara, ku yi istihara, ku gyara niyya, sannan ku dogara ga Allah. Arziki a hannunSa yake, amma Ya umarce mu da bin sababi, kuma zaɓen fanni da ido buɗe yana daga cikin sababi.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani da arziki na halal, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa su zama masu amfani ga addininsu da ƙasarsu. Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.