Tsutsar tsakar gida da haƙƙin abin da muka tsare

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin manya da ƙanana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu sauraro, karatunmu na yau a kan tsutsa yake, wadda yaro kan tsinta a gindin zogale ya zo da ita yana tambaya. Mafi yawanmu mukan ce masa ya taka ta. Da mun tsaya mun duba da ya fi, domin hukunci ba ya gabatar sani.

Tsutsar ganye ɗiyar faɗa-wuta ce ko ta malam-buɗe-littafi, kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai gizaka mai gashi, wadda ke sa ƙaiƙayi. Wannan a ɗauke ta da tsinke, kada a taɓa da hannu. Akwai ta icen tsamiya, wadda masaƙa da maɗinka suka daɗe suna amfani da zarenta. Akwai murzuna, wadda ke bin zangarniyar hatsi tana murɗawa, sannan ta sauka ƙasa ta kwanta har wata damina. Akwai tsutsar masara da ta bayyana a Afirka ta Yamma a 2016. Hanyar ganewa ita ce a dubi ganyen da take ci, da launinta, da gashinta, sannan a tambayi malaman gona.

Wanda ya so renonta domin ƴaƴansa su ga ikon Allah, babu laifi, amma da sharaɗi. Ya sa ta a kwalba mai faɗin baki, ya rufe da ƙyalle mai shan iska, ya ajiye a inuwa. Ya riƙa ba ta sabon ganyen icen da ya same ta a kai, domin da yawansu ba su cin wani. Ya share kashinta, ya zuba ƴar ƙasa a gindin kwalbar. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Duk abin da muka tsare, cinsa ya hau wuyanmu. Idan haka lamarin yake ga tsutsa, ina ga akuyar da ke ɗaure a turke, ina ga almajiri da ɗan aikin da ke ƙarƙashinmu?

Za a ga tana saɓule fata sau da yawa. Daga nan ta daina ci, ta shige ƙasa ko ta naɗe kanta, kamar ta mutu. Kada a tone ta. Idan lokacinta ya yi za ta fito da fukafukai, sai a sake ta da magariba. Mai azumi da mai i'itikafi suna da abin lura a nan: kame baki da keɓewa na ƴan kwanaki, manufarsu mutum ya fito da wani hali.

Idan kuwa mai ɓarna ce, shari'a ta yarda a kashe ta, da gaggawa, ba da wasa ba, ba kuma da wuta ba. Masu bincike na INRAN a Maradi ma renon wata tsutsa suke yi domin su hayayyafar da wani ɗan ƙanƙanen zanzaro, a rataye shi cikin buhuna kusa da gonaki ya kashe murzuna. Da ba su tsaya sun duba ba, da ba a san wannan magani ba.

Manzon Allah (SAW) ya kwatanta kansa da mutumin da ya hura wuta, faɗa-wuta na afkawa ciki yana kore su, kamar yadda yake riƙe mu muna fizgewa. Ya Allah Ka ƴanta wuyayenmu daga wuta a wannan wata, Ka tsare amfanin gonakinmu, Ka sa mana jin ƙan abin da ke hannunmu. Amin.