TSUFA DA ZAIZAYEWAR TSOKA: MOTSA JIKI KO ƘWAYAR MAGANI?



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata tambaya da ta shafi kowane mai rai da Allah ya ja kwanansa, watau shin akwai ƙwayar maganin da za ta tsare wa tsoho ƙarfinsa, ko kuwa sai ya yi guminsa?

Zaizayewar tsoka

Masana sun ƙiyasta cewa daga shekara 30 da haihuwa tsokar jikin ɗan Adam takan fara raguwa, da misalin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma raguwar takan ƙara sauri bayan shekara 60. A 1989 wani likita Ba'amurke, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa wannan hali suna sakofeniya, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ƙarancin nama. Alamunta ba ɓoyayyu ba ne. Dattijo ya kasa tashi daga tabarma sai ya dafa bango, tafiyarsa ta yi nauyi, riƙonsa ya yi sako-sako. Daga nan sai faɗuwa, sai karaya, sai jinya. Ita kuwa jinya ƙara ta'azzara abin take yi, domin wani gwaji da aka buga a 2007 ya nuna tsofaffi masu lafiya da aka kwantar kwana 10 kacal sun yi asarar kusan kilo ɗaya na naman ƙafafunsu.

Ciwon sukari yana da hannu dumu-dumu a nan. Tsoka ita ce babban rumbun da jiki ke zuba sukarin da ya shiga jini bayan cin abinci. In rumbun ya ƙanƙance sukari ya rasa mazuba, in kuma sukari ya yi yawa a jini tsoka ta ƙara lalacewa.

Dalilin sa rai ga metfomin

Metfomin dai magani ne mai araha da aka daɗe ana ba masu ciwon sukari nau'i na biyu. Asalinsa yana komawa ga wani tsiro na ƙasashen Turai, kuma likitan Faransa Jean Sterne ne ya fara ba da rahoton gwada shi ga masu ciwon a 1957. Babban aikinsa shi ne rage yawan sukarin da hanta ke saki cikin jini. A 2014 wani nazari na bayanan majinyata a Birtaniya ya nuna kamar masu shan metfomin sun ɗan fi waɗanda ba su da ciwon ma tsawon rai. Wannan ya sa wasu suka fara yi masa kallon maganin tsufa. Amma nazarin takardun asibiti ba ya tabbatar da sanadi, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da gwaji ya nuna

An kuwa gwada. A 2019 masu bincike na Jami'ar Kentaki da ta Alabama a Amurka suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutane masu shekara 65 zuwa sama, waɗanda ba su da ciwon sukari. Dukansu sun yi mako 14 suna atisayen ɗaga nauyi. Wasunsu aka ba su metfomin miligiram 1,700 kullum, sauran kuwa aka ba su ƙwaya marar magani, ba wanda ya san irin wadda yake haɗiya. Masu binciken sun zaci maganin zai taimaka, sai reshe ya juye da mujiya: masu shan ƙwaya marar magani suka fi samun ƙaruwar tsoka. Bayanin da aka bayar shi ne metfomin yana tayar da wani sinadari a cikin tsoka wanda ke sa ta tattalin abin da take da shi, alhali ɗaga nauyi umartarta yake yi da ta yi gini.

Har ila yau a 2025 an buga wani gwaji na arewa maso gabashin Ingila, inda aka ba tsofaffi masu rauni metfomin wata 4. Saurin tafiyarsu bai ƙaru ba, kuma da yawansu maganin ya dame su.

To, a kwatanta wannan da gwajin Maria Fiatarone da abokan aikinta a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, wanda aka buga a 1990. Tsofaffi 10 ne, masu shekara 86 zuwa 96. Bayan mako 8 na ɗaga nauyi da ƙafa, ƙarfin 9 da suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 in an daidaita. Ashe tsoka ba ta daina amsa kira, ko da mai ita ya kai casa'in.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, kada mai ciwon sukari ya ji wannan bayani ya ajiye maganinsa. Ɓarnar da sukari ke yi wa ido da ƙoda da jijiyoyi ta fi wannan ɗan tauyewa nesa ba kusa ba, kuma ko masu shan metfomin a gwajin Amurka ƙarfinsu ya ƙaru da atisaye. Canza magani aikin likita ne. Na biyu, wanda ba shi da ciwon kada ya saye shi a kantin magani da sunan korar tsufa.

Na uku, Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta nemi babban mutum ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye. Tafiya kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa da abin da zai yi wa tsoka nauyi, alal misali tashi da zama daga kujera ba dafawa, ko hawa matakala, ko ɗaga jarkar ruwa, ana ƙarawa sannu a hankali. A kuma haɗa da abinci mai gina jiki, irin su wake, ƙwai, nono, kifi da gyaɗa.

Kammalawa

Akwai jan kunne ga ma'aikacin gwamnati da ya shekara talatin tsakanin kujerar ofis da ta mota, sannan ya yi ritaya ya koma bisa darduma a ƙofar gida. Akwai kuma ga 'ya'yan da ke ganin biyayya ita ce su raba iyaye da kowane aiki, su hana tsoho leƙa gonarsa, su hana tsohuwa ɗaukar ko da buta. Niyyar mai kyau ce, amma tsokar da aka hutar ita ke fara tafiya. Ɗa na gari ya kai mahaifinsa asibiti a auna sukarinsa, ya saya masa maganin da likita ya rubuta, sa'an nan ya bar masa fartanyarsa.